Kafin ka zuba kuɗi a sifikar falo, juya ta ka karanta bayanta

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka.

Ka ɗan ba ni fili in yi magana kan sifikokin nan da mutane ke saye su haɗa da tele a falo don kallon fim da ƙwallo, hom sinema ke nan. Ni sana'ata gyaran rediyo da ampili ce nan Yamai, kuma abin da ke ci min rai shi ne yawancin kayan da ake kawo min a ƙone ba kayan banza ba ne, wasu ma masu kyau ne sosai, haɗin da anka yi musu ne bai dace ba. Mutum ya tara kuɗi da kyar, ya sayi ampili wajen wannan, sifika wajen wancan, wufa kuma, wato sifikar da ke fidda sautin ƙasa mai nauyi, wani ɗan'uwa ya aiko mishi daga waje, ya haɗa su duka don ya ga waya ta shiga rami, kafin a yi nisa sai wari ya tashi. Wallahi abin tausayi ne, kuma da an tsaya an karanta rubutun da ke bayan kayan da ba a kai ga haka ba.

Maganar wat tukuna, don ita ce ke ruɗin kowa. Za ka ga kwali an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe, kusa da shi kuma PMPO da ƙananan baƙaƙe, to wannan lambar talla ce kawai, ba ta da wani ma'auni da anka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Lambar gaskiya ita ce wadda anka rubuta RMS, ita ke nuna ƙarfin da ampili zai iya badawa a kai a kai ba tare da ya shaƙe ba. In ba ka ga RMS ba, juya na'urar ka duba kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai inda ake rubuta yawan wutar da take sha. Abin da ke shan wat 60 daga bango ina zai samo 5000 ya ba ka? Ba zai yiwu ba. Kuma ko wat ɗin gaskiya ne, mutane su sani ninka shi ba ya ninka ƙara. Ka tashi daga wat 50 zuwa 100 desibel 3 kawai ka ƙaru (desibel ko dB shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kunne zai ji ɗan bambanci amma ba wani mai yawa ba, in kana son ka ji kamar ƙarar ta ninka sai ka ƙara wajen desibel 10, wato ƙarfin ampili ya ninku sau goma. Shi ya sa nake ce ma masu zuwa shagona su nemi wata lamba a bayan sifika ko a takardarta wadda ake rubutawa kamar 87 dB ko 90 dB. Mai 90 da rabin wat ɗin da mai 87 ke buƙata za ta yi ƙara iri ɗaya, ga wanda ke kan panno da batir wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma abin da ya fi ƙona kaya shi ne om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ampili ke tura mata. Kowace sifika tana da nata, yawanci 4 ko 6 ko 8, kuma kowane ampili an rubuta mishi a baya kusa da ramukan waya abin da zai iya ɗauka, misali 6 zuwa 16 ko 8 zuwa 16. Duk yadda lambar om ɗin sifika ta yi ƙasa, haka take jan wuta da yawa daga ampili. Ka ɗora mai om 4 kan ampilin da anka yi don 8 ka buɗe murya, kamar ka loda ma jaki kayan raƙumi ne, zai tahi na ɗan lokaci amma ƙarshenta sai ya durƙushe. Mai kariya a ciki zai riƙa kashe kanshi, mutum ya ce ai ampilin ne ba shi da kyau, wanda ba shi da kariya kuma sai ya ƙone kawai. Ƙananan sifikokin nan da ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urar DVD da yawansu om 3 ne, an yi su ne don na'urarsu kaɗai, to in na'urar ta mutu kar ka ce bari ka maida su kan babban ampili don kar su yi asara, za su ja maka asarar da ta fi su. Sifikar mota ma yawanci om 4 ce, ina ganin samari na cirowa su sa cikin akwatin katako su jona a ɗaki, ba laifi in ampilin ya yarda da 4, amma a duba tukuna.

Sai kuma masu murɗe wayoyin sifika biyu su cusa rami ɗaya. Biyu masu om 8 in ka haɗa su haka, ja da ja baƙi da baƙi, sun koma om 4, in huɗu ne sun koma 2, kuma kusan babu ampilin gida da ke jure 2. Wannan na faruwa sosai ranar suna ko biki, a fiddo kayan falo tsakar gida a aro na maƙwabta a ƙara a kai don sauti ya kai ƙofar gida. Don Allah ranar biki a yi hayar kayan masu kiɗa, nasu don haka anka yi su.

Akwai abin da mutane ke mamaki in na faɗa musu: ƙaramin ampili ma shina kashe babbar sifika. In ka murɗa shi har ƙarshe ƙarfinshi ya ƙare, sautin da yake fitarwa sai ya lalace ya riƙa kartar kunne, kuma wannan lalataccen sautin ke ƙona ƙaramar sifikar sama mai fidda siririn sauti. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage, ko da ba ka kai rabi ba.

To yanzu zaɓin sifikokin kansu. Tsarin da anka fi sani shi ne 5.1, biyu gaba hagu da dama, ɗaya tsakiya, biyu gefe ta baya, sai wufa, ita ce .1 ɗin. Mu nan kowa wufa yake kallo, ya ji ƙirji na girgiza a shago ya ce ta yi. Amma ka tambayi kanka mi kake kallo a gidanka. Labarai ne, fim ɗin Hausa ne, fassara ce, wasan ƙwallo da mai sharhi, tafsiri da azumi, karatun Alƙur'ani da asuba, duka wannan murya ce, kuma a tsarin 5.1 kusan duk maganar da ake yi a fim ta sifikar tsakiya take fita. Ita ce ake rainawa, a sayi ƴar ƙarama kamar gwangwanin tumatir ko a jefa ta cikin kabad a rufe ƙofa, daga baya a riƙa cewa kiɗa da harbi sun danne magana, tsoho a gida na ta tambayar mi anka ce, ana ƙara murya ana ragewa duk dare. Ni a ganina in kuɗinka jika ɗari ne, mafi yawansu su tahi kan ukun gaba. Kuma ukun nan su zama ƴan gida ɗaya, kamfani ɗaya jeri ɗaya, don kowace sifika da launin muryarta, in ta tsakiya daban ce za ka ji mota ta taso daga hagu da sauti ɗaya ta iso tsakiya ta canza ta koma dama ta sake canzawa. Na baya ba dole su zama iri ɗaya da na gaba ba, aikinsu kaɗan ne, amma su biyun su zama iri ɗaya da junansu.

Har ma zan ce wanda kuɗinshi bai kai ba ya haƙura da biyu masu kyau, sun fi biyar na roba. Yawancin abin da muke saukewa a waya ko muke kallo a YouTube ai hanya biyu anka naɗe shi, hagu da dama kawai, sauran sifikokin ampili ne ke ƙirƙira musu abin da za su faɗa. Ka fara da biyu, in Allah ya hore ka ƙara ta tsakiya daga jerin nan, wufa ta biyo baya.

Ita wufa iri biyu ce kuma nan ma ana asara. Akwai mai ampili a cikinta, za ka ga tana da wayar wuta tata, akwai kuma wadda ba ta da shi, waya biyu kawai ke fita daga bayanta. Ramin wufa da ke bayan manyan ampili na hom sinema sigina kawai yake badawa ba ƙarfi, to in ka jona marar ampili a nan ba za ka ji komai ba, an sha kawo min wufa lahiyarta lau wai ta mutu. In an dace da mai wuta, a shiga saitin ampili a nuna mishi sifikokin gaba ƙanana ne, a sa mahaɗa, wato iyakar da ke raba sauti tsakanin wufa da sauran sifikoki, a 80 Hz, duk abin da ke ƙasa da haka ya tahi wufa, in sifikokin ƴan mitsi-mitsi ne a ɗaga zuwa 100 ko 120. Wannan na sauƙaƙa ma ampili kuma murya na fita tas. Kuma a daina murɗa wufa har ƙarshe, sautin ƙasa shina ratsa bango fiye da kowane sauti, mu da ke zaune gidan haya bango ɗaya da maƙwabci mun san abin, akwai mai jinya akwai mai jariri, haƙƙinsu na kanmu.

Inda za a ajiye su ba ya cin ko dala amma nan ma an bar shi. Gidaje da yawa za ka tarar an jera duka biyar ƙarƙashin tele don ado, to mi ya rage na sautin da ya kamata ya kewaye ka? Na gaba biyu a raba su, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowace ɗaya, tsayinsu daidai kunnenka in kana zaune, ba can sama kusa da rufi ba. Ta tsakiya dab da tele, sama ko ƙasa, bakinta a fili tana kallonka. Na baya a gefe su ɗan wuce kafaɗa kaɗan. Wufa kuwa kunne ba ya saurin gane daga ina sautinta ke zuwa, kana iya matsar da ita, a lungu tana ƙara ƙarfi amma wani lokaci sai ta riƙa gunji, gwada wuri biyu uku ka ji. Falonmu na siminti da daɓen karo amsa-kuwwa gare su, darduma a ƙasa da labule mai kauri za su gyara sauti fiye da sabon ampili. Waya kuma ja ga ja baƙi ga baƙi a kowace sifika, in ka juya ɗaya ba abin da zai ƙone amma nauyin sautin zai ɓace, muryar ta rasa tsakiya.

Kayan hannu da ke shigowa daga waje akwai masu kyau ƙwarai, ni kaina na fi son tsohuwar sifika mai nauyi ta katako. Sai dai a cire ragar gaba a duba zoben da ke kewaye da bakin sifikar, in na soso ne zafi da tsufa na cinye shi, taɓa shi a hankali, in shina marmashewa sai an canza, ka sa wannan cikin ciniki. Tura tsakiyar a hankali da yatsu, in ka ji tana karta to ta taɓa yin zafi. Batir ɗin tocila mai volt 1.5 ma ya isa gwaji, ka taɓa wayoyin da shi ka ji ƙwas ka ga ta motsa. Ampili da wufa mai wuta kuwa a duba volt kafin a kai su soket, wutarmu 220 ce, na Amurka 120 ne na Japan 100, in ba mai canzawa ba ne sai da taransifo, jonawa ɗaya ta isa ta gama da shi.

Ga kuma yanayinmu. Watan Afrilu zafin Yamai shina wuce digiri 40, ampili kuma da nashi zafin, amma za ka ga an cusa shi cikin kabad an ɗora dekoda a kai an lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura. Iyayenmu mata suna da gaskiya kan ƙurar hunturu, a rufe in an kashe, amma in za a kunna a yaye ƙyallen a bar mishi fili sama da gefe ya sha iska. Wanda ke da hali ya sa regilatar, in an ɗauke wuta kuma a cire soket har ta dawo ta zauna.

Roƙona ga ƴan'uwa masu saida kayan nan a Babbar Kasuwa da Katako da Wadata da sauran wurare, ku bar mai saye ya juya kaya ya karanta, ku tambaye shi wane ampili gare shi a gida da girman ɗakin kafin ku miƙa mishi. Mai saye kuma ya ɗauki hoton bayan ampilinshi a waya ya tahi da shi, ya riƙe kile USB mai karatu ko labarai na muryar da ya sani sarai, a sa mishi a murya madaidaiciya irin wadda zai saurara a gida, a kashe wufa tukuna ya ji ko kowace kalma na fita.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai gyaran rediyo da ampili, Yamai