Rahoton kwamitin gyaran katanga da zauren majemar bakin tabki

Assalamu alaikum. Kwamitin da taron unguwa ya ɗora wa gyaran tsohuwar majemarmu yana sanar da jama'a cewa aiki ya kammala, an kuma miƙa mabuɗin zaure ga dattawan majema.

Kowa ya san daminar 2024. Ita ce ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram ranar 3 ga Satumba, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye. A cikin wannan ruwan ne katangarmu ta gefen tabki ta zube, rufin zaure ya lotsa. Da muka kai magina suka duba, babbansu bai ce komai ba, ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa abin da ya rage na bangon. Ya yi ƙara kamar ganga. Ya sa hannu ya ɓamɓaro falle guda na siminti, sai ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf, tana marmashewa. Shafen simintin da aka yi shekarun baya don a kare ginin, shi ya ci shi: ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita. Damagaram kuwa bisa dutse take zaune, ƙasa ba ta shanye ruwan sama, gangarowa yake yi ya taru a gindin gini.

A nan aka yi doguwar gardama. Samari suka ce a tayar da bulo a huta. Dattawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Kwamiti ya raba gardamar haka: tushe da dutse da siminti har gwiwa, daga nan zuwa sama tubali, a shafe da makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Muna ganin mun yi daidai. Bangon ƙasa duk shekara kowa na iya yaɓe shi da hannunsa, ba sai an jira kuɗin buhu ba.

Kwaɓin ƙasa da buga tubali aikin gayya ne, masu amalanke suka yi ta jigilar ruwa, mata suka ɗauki abincin ma'aikata. Azara ce ta ba mu ciwon kai. Wanda muka ba kuɗin kafin alƙalami ya yi ta yau da gobe, da kayan suka iso kuma wasu ɗanyu ne, dole aka mayar. Laifinmu ne da muka biya ba mu ga kaya ba. Wannan jinkiri ya kai mu cikin zafin bazara kafin a rufa zaure a sa indararo.

Abin da bai fito a ido ba, amma ya fi cin ƙarfi, shi ne ruwan jima. Da can ruwan toka da na bagaruwa, da gashi da tarkacen nama, kai tsaye suke bi su faɗa tabki, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka. Maƙwabta sun daɗe suna kuka da wari, kuma suna da gaskiya. Yanzu an gina ramuka a jere: na farko yana tare gashi da laka, na gaba an zuba masa tsakuwa da yashi da gawayi. Ba mu ce ruwan ya zama na sha ba. Ya dai rage duhu da ɗoyi. An kuma dasa bagaruwa a bakin tabki, tunda ƴaƴanta ne jarin majemi.

Sai zanen bango. Wasu sun ce almubazzaranci ne. Amma wanda ya bi lungunan Birni da Zango ya san gidan Damagaram ba ya cika sai da zayyana a fuska. Kuma jima ba ƙaramar sana'a ba ce a garin nan. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ayari ke ɗaukar fatunmu ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Garin nan ne babban birnin ƙasa kafin a koma Yamai a 1926. Yaranmu da yawa suna wucewa ta majema suna toshe hanci, ba su san wannan ba.

Mai zanen ya so ya fitar da akuya. Liman ya ja hankali game da siffar mai rai, aka bar ta. Aka tsaya a kan kayan aiki: kartaji (wuƙar kankare fata), turmin dakan bagaruwa, kwatarniya, fata a shanye, da dagi bisa ƙofa. Da yatsa da ɗan cokali mai zanen ya fitar da su tun laka na ɗanya. Wani tsohon majemi ya tsaya yana kallo, ya ce kartajin ya miƙe da yawa, nasu yana da lanƙwasa. Ya shiga ya ɗauko na mahaifinsa, aka goge aka sake.

Lissafin abin da ya shigo daga majema, dukawa, mahauta da ƴan unguwa mazauna waje, da abin da aka kashe, an karanta shi a taro, an manna kwafi cikin zaure. Akwai sauran bashin mai dutse, za a biya daga kuɗin da majema ke tarawa ranar Alhamis. Kwashe ramukan ruwa yana wuyan majema. Yaɓen bango kuma na unguwa ne, kowace shekara kafin ruwan farko.