Wa ya ci moriyar ganga? Martani ga shirinku na Asabar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na matasa na Asabar ɗin da ta wuce, inda baƙonku ya ce mu masoya wasan Dungeons & Dragons mun ci moriyar ganga mun ya da kwaurenta, wai don muna gunaguni da kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, tun da ya fitar da sabon bugun littattafan dokokinsa. Mai gabatarwa ya yi dariya ya wuce, bai ko tambaye shi abin da ya jawo gunagunin ba. Wannan dariyar ce ta hana ni yin shiru.

Shekara shida ke nan ina jan ragamar wannan wasa a zauren gidanmu da ke Birnin Kebbi, duk Asabar daga La'asar zuwa kiran Magariba. Mu shida ne, kuma littafi ɗaya tal gare mu, bugun 2014, wanda ƙanena ya zo da shi daga karatu a ƙasar waje, bangonsa ma ya sha salatif har ba a gane hotonsa. Kowa yana ɗaukar jarumi guda ya yi magana da bakinsa, ni kuma in shimfiɗa labarin, ƙwaya mai fuska 20 ta raba gardama idan an zo wurin da za a ci nasara ko a faɗi. Ba a sa ko kobo, don kada wani ya ji ƙwaya ya ɗauka caca ce. Labaran namu mun ɗora su a Kabi ta zamanin Kanta, tsakanin ganuwar Surame da bakin gulbi, kuma yanzu haka ina da littattafan rubutu uku cike da garuruwa da sarakuna da dodannin ruwa da muka ƙirƙira da Hausa. Da irin wannan wahalar ta masoya wasan ya rayu fiye da shekara 50, tun fitowarsa a 1974. To, wa ya ci moriyar wa?

Da baƙonku ya yi bincike, da ya san cewa a shekarar 2000 kamfanin da kansa ya ba da lasisin da ya halatta wa kowa ya rubuta nasa littafin a kan dokokin wasan, ya kuma sayar da abinsa. Ƙananan mawallafa da yawa sun kafa sana'arsu a kan wannan alkawari. Kwatsam a Janairun 2023 sai daftarin wani sabon lasisi ya fasu, wanda zai soke tsohon, ya kuma karɓi kashi 25 cikin ɗari na duk cinikin da ya haura dala 750,000 a shekara. Masoya suka yi ta janye rajistarsu daga D&D Beyond, shafin intanet na kamfanin, kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye maganar, har ya saki ginshiƙan dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar amfani da su, kuma ba ya sokuwa. Janyewar abin yabo ce, ban hana ba, amma wanda ya ga an ɗaga masa sanda ba ya mantawa don kawai an sauke ta.

Ba kuma wannan ne karon farko ba. Bugu na huɗu da ya fito a 2008 ya raba kan masoya, har kamfanin Paizo ya fitar da nasa wasan mai suna Pathfinder a 2009 a kan tsoffin dokokin, jama'a da yawa suka koma can. Ko a Agustan 2024, ana dab da fitar da sabon littafin, sai da aka sanar cewa za a maye gurbin wasu tsoffin dokoki da sababbi a shafin intanet ɗin, aka yi ca, sannan aka fasa. Mutanen da suka ga wannan duka su ne baƙonku yake kira marasa godiya.

Ni kaina na karanta dokokin sabon bugun da aka saka kyauta a intanet, kuma akwai gyare-gyaren da suka burge ni. Amma littattafan guda uku ne, kowane kusan dala 50, wato jimlarsu ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyu, kafin a zo maganar kuɗin kawo su. Da muka zauna a kan batun, ɗaya daga cikinmu ya ce ko da kuɗin a hannunsa ba zai saya ba sai ya ga kamun ludayin kamfanin na wasu shekaru, sauran kuma muka yarda mu ci gaba da tsohon littafinmu. Babu wanda ya zagi kowa, babu wanda ya bar wasan.

Ina roƙon ku sake ɗauko batun, ku gayyato wanda ya taɓa zama a teburin wasan. Sannan ku duba layin wayar nan da kuke ta karanto mana, domin sau tara na kira a ranar bai shiga ba, kuma ba wannan makon ya fara ba.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Birnin Kebbi