Ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da SSD na bogi

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, sau uku ina zuwa shagonku a kan maganar nan, sau uku ana ce mini ka fita. Lambar da ke jikin rasit kuwa na kira har na gaji. Shi ya sa na rubuto a inda jama'a za su gani. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don har yanzu ina sa ran za ku gyara.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Laftof ɗina ta zo da SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta cikin kwamfuta, mai gigabait 256, ya cika maƙil, kullum sai na goge wani aiki kafin in sauke wani. Na zo wurinku neman mai terabait ɗaya, wato gigabait dubu. Yaronku ya kwance bayan kwamfutar a gabana, ya duba ramin, ya ce nau'in SSD da ake kira NVMe ne zai shiga. Ya ɓare sabon kwali, ya kwafe duk abin da ke kan tsohon zuwa sabon, ya kunna, ya nuna mini gigabait 931 a sikirin. Wannan bai dame ni ba, don na san masu ƙerawa da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1,024, ko na gaskiya ma haka yake nunawa. Tsohon nawa kuka karɓe shi a matsayin ciko.

Kwana tara ban ga komai ba. Ranar Asabar na dawo daga wani biki da katin kyamara uku a cike da bidiyo: kamu, ɗaurin aure da kai amarya. Na juye su a kwamfuta, juyin ya kammala ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba, ga sunan kowane fayil, ga nauyinsa daidai. Na goge katunan saboda ina da walima washegari. Ranar Litinin na zauna tacewa. Kamu ya buɗe lafiya, ɗaurin aure ya tsaya a tsakiya, na kai amarya kuwa ko ɗaya bai buɗe ba.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya kwashe abin da ya tsira, ya cire SSD ɗin, ya share shi, ya gwada shi da manhajar H2testw. Aikinta shi ne ta cika ma'ajiya da bayanai har baki, sannan ta koma ta karanta ta ga ko abin da ta zuba yana nan. Kwana muka yi muna jira. Da safe sakamako ya fito: gigabait 238 ne kacal suka dawo lafiya, sauran duk sun ɓace. Wato mai gigabait 256 ne aka sauya wa bayanin ciki don ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa terabait ne. Da zarar ainihin wurin ya cika, sai ya ci gaba da karɓar kaya yana rubuta sunayensu, kayan kuwa ba inda suke sauka. Lambar siriyal da ke jikinsa ma shafin kamfanin da aka manna sunansa bai san ta ba. Kun karɓi kuɗina da SSD ɗina mai kyau, kun ba ni wanda bai fi shi girma ba ko kaɗan, ga kuma cinye aiki a ɓoye.

Mun gwada ceto daga katunan, amma bidiyon walima ya riga ya hau kai. Guntaye kawai muka samu. Ni na je da ƙafata na gaya wa uwar amarya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta daɗe shiru tana murza gefen mayafinta, sannan ta ce, "Ɗana, ko wurin da mahaifinta ya yi mata nasiha bai fita ba?" Bai fita ba. Na mayar musu da kuɗinsu duka, amma ba a sake kai amarya sau biyu.

Da na dawo shagonku da sakamakon gwajin, yaronku ya fara cewa bairos ne. Da na nuna masa hoton sikirin, sai ya koma cewa kayan lantarki ba su da garanti, ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya. A saman rasit ɗin nan kuma, da hannunsa ya rubuta terabait ɗaya. Mai yiwuwa ku ma dilan da ya kawo muku ne ya cuce ku, ban ce da gangan kuka yi ba. Amma a hannunku na saya, kuma gwajin da ya tona asirin kyauta ake sauke shi a intanet. Da kun gwada ƙwaya ɗaya daga kwalin da aka kawo muku, da ba mu kai nan ba.

Ina neman ku dawo mini da kuɗina, da tsohon SSD ɗina ko kuɗinsa. Abin da ya fi hana ni barci shi ne na ga irin kwalin nan jere a kantarku ranar da na zo na ƙarshe. Ku sauke su ku gwada, ku kira duk wanda kuka sa wa irinsa. Akwai ɗalibin da kundin bincikensa ke kai, akwai mai shagon da lissafinsa ke kai, kuma ba za su sani ba sai ranar da ya cika.

Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta masa shi ba. Idan mako biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya. SSD ɗin, kwalinsa, rasit da hoton gwajin duk suna hannuna. Zan sake zuwa ranar Alhamis bayan azahar, ina roƙon in same ka.

Wassalam,
Mai ɗaukar bidiyon biki, Kano