Lissafin karkatar oktahidiron yana nuna alkibla, bai ba da adadi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin ɗaliban fiziks masu lissafin ma'adinan ferobskait a kwamfuta. A cikin waɗannan ma'adinai atom ɗin ƙarfe yana zaune ne tsakiyar oksijin shida, siffa mai fuska takwas da ake kira oktahidiron. Kowanne yana haɗe da maƙwabcinsa ta kusurwa, don haka in wannan ya juya dama, na gefensa sai ya juya hagu, kamar haƙoran giya. Wannan juyi shi ake kira karkata. Masanin kimiyya Glazer ya tsara salon karkatar kashi 23 a 1972, Howard da Stokes suka rage su zuwa 15 a 1998.

Da yawa suna ɗaukar oktahidiron a matsayin abu mai tauri da ba ya miƙewa. Lissafin yana da sauƙi: tsawon ɗaki, wato ƙaramin akwatin atom da ke maimaituwa a cikin ma'adinin, a = 2d cosβ cosγ, inda d shi ne nisan ƙarfe zuwa oksijin, β karkata a kan layin kwance, γ kuma juyi a kan layin tsaye. Alkiblar da yake nunawa daidai ce. In an matse siririn fim, wato siririyar shimfiɗar ma'adinin a kan wani ma'adini, juyi a kan layin tsaye yana ƙaruwa. In an ja shi, karkata ta koma layukan kwance.

Amma a gwada da ferobskait ɗin LaNiO3, wanda nikel ne ƙarfen tsakiyar oktahidironsa. Nisan nikel zuwa oksijin kusan 1.935 Å ne (Å ma'aunin tsawo ne na girman atom), wato 2d ya kai 3.87 Å. A shimfiɗa shi kan ma'adinin LaAlO3 mai tsawon ɗaki 3.79 Å, lissafin zai ba da juyin da ya kusa digiri 12, alhali May da abokan aikinsa sun auna kusan digiri 8 a 2010. Ragowar matsin, haɗin nikel da oksijin ne ya shanye ta hanyar gajarcewa. A kan SrTiO3 mai 3.905 Å kuwa abin ya fi muni: ko an miƙar da oktahidiron sarai ba zai kai ba, kosain (cos) zai wuce ɗaya, abin da ba ya yiwuwa. Dole haɗin ya tsawaita.

Shawarata, a bar d ya zama biyu, na kwance da na tsaye, kada a kulle shi. A ninka ɗakin lissafi zuwa 2×2×2, atom 40, domin ɗaki mai atom 5 ba ya iya ɗaukar karkata ko kaɗan. Kuma a ɗan ture oksijin daga mazauninsa kafin a fara sassauta tsarin, wato barin kwamfuta ta nemi mazaunin da ya fi dacewa da kowane atom, in ba haka ba kwamfuta za ta tsaya a siffar kubik ta ce ta gama.

Na gode.

Malamin fiziks, mai karanta jaridarku