Wasiƙa daga Jos: Yadda Muka Yi da Sautin Sabuwar Majami'a

Jos, Jihar Filato.

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya Madam da yara, yaya kuma sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya sa mu gaba, ka san Jos ba ta wasa. Mama ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne.

Ka nemi labarin sabon ginin. To, an gama, an shiga. Ba irin tsohuwar majami'armu ba ce mai bencina a kafe. Babban zaure ne guda da kujerun roba, a kwashe a sake jerawa yadda ake so: Lahadi sujada, tsakiyar mako Zumuntar Mata da wasannin matasa, Asabar liyafar aure. Dattawa sun yi dabara, kuɗin haya na shigowa. Sai dai lokacin zanen ginin ba wanda ya tuna da maganar sauti.

Ƙasa tayil, bango siminti sumul, tagogi manya na gilashi, sama kuma kwano tsirara babu silin. In ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu, sai ka ji tafin ya ƙi mutuwa, yana ta zagaya ɗakin. Lahadin farko mun ɗauko tsofaffin lasifikokinmu muka jona. Fasto na tsakiyar wa'azi wata kaka a layin baya ta taɓa ni, ta ce, "Ɗana, da Hausa yake yi ko da Turanci?"

A taron kwamiti kowa bakinsa ɗaya: a sayo manyan lasifikoki, a ƙaro amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Na ce ranku ya daɗe, ai ƙara kowa na jin ta, maganar ce ba a ganewa. Kalma ta fita ta bugi bango ta dawo ta hau kan wadda ke biye da ita. In aka ƙara ƙarfi, amsa-kuwwar ce za ta ƙaru. Na ba su labarin Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda a 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca da kalma ke daɗewa fiye da daƙiƙa 5 kafin ta ɓace. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa, yana jerawa yana aunawa, har ya gano lissafin da masana ke bi har yau. Wurin magana yana son sauti ya mutu cikin kusan daƙiƙa 1. Waɗannan manyan majami'un dutse na wajenku sun dace da waƙa, amma mai wa'azi wahala yake sha a cikinsu.

Da kyar da jiɓin goshi aka yarda a raba kuɗin. Aka sa silin, aka shimfiɗa abin nan mai laushi da ke tsotse sauti tsakaninsa da kwano, wanda zai taimake mu ma da rugugin ruwan Agusta. Kafinta ya haɗa mana firam-firam na katako muka cusa irinsa a ciki, mata suka zaɓo atamfar da aka lulluɓe su da ita, aka rataye sama inda ƙwallon yara ba za ta kai ba. Baƙo ya ɗauka ado ne. Bangon baya kuma labule mai kauri ne: a ja shi lokacin wa'azi, a buɗe in 'yan kwaya na son muryarsu ta cika ɗaki. Wannan labulen ya fi duk wata na'urar da muka saya amfani, ka rubuta ka ajiye.

Lasifikokin ma ba wasu manya ba ne. Mun rataye su sama, gaba da inda makirufo ke tsayawa, muka sunkuyar da su suna kallon kawunan mutane maimakon bango. Wannan ƙugin da ke tsinka kunne, wanda kake zargina da shi a da in kana kan jita, yana faruwa ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ke fitarwa ya sake mayar mata. Yanzu ya yi sauƙi ƙwarai, sai in mai sanarwa ya rufe kan makirufo da tafin hannu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙananan lasifikokin baya. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wutar da ke cikin waya kuwa nan take take isa. Saboda haka lasifikar da ke nesa da bagadi da mita 17 sai an jinkirta ta da kusan kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, in ba haka ba mutum ya ji magana biyu. Da muka daidaita, sai ga wani dattijo ya zo da faɗa, wai na baya ba sa aiki, an yi asarar kuɗin baiko. Na kashe su a gabansa, nan take muryar fasto ta yi nisa. Ya yi shiru, ya ce in kunna.

Miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta daidaita su, Behringer X32 ce, tana ajiye saiti. Akwai na sujada, na aure, da na mata. Su Zumunta ba sa bukatar komai sai makirufo na mai ba da waƙa da ɗaya a bakin tulu. Ganga da kacau-kacau sun ishi kansu. An so a kulle miksar a wani ɗaki na gefe saboda ɓarayi, na ƙi. Wanda ba ya jin abin da jama'a ke ji, me zai gyara? Aka yi mata akwati mai taya da kwaɗo.

Wuta kuwa ka san hali. Mun ja wa kayan sauti layinsu daban da na fankoki, aka kafa ƙarfen da ke sauke wuta cikin ƙasa, gurnanin da lasifikoki ke yi ya ɗauke. Na koya wa yaran: amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa, musamman in za a koma kan janareta. A kuma rufe komai da yadi saboda ƙura.

Yaƙin da ya rage na masu kiɗan biki ne, su a wurinsu sai ƙirji ya girgiza. Na sa iyakar da ba za su iya wucewa ba, suna ta gunaguni. Jarirai fa ake shigowa da su.

Sai roƙo: in za ka zo Kirsimeti, ka taho mana da batura masu caji da cajarsu, da makirufo Shure SM58 na ainihi guda biyu, don jabu sun cika kasuwa a nan. Ma'aji zai biya ka. Ka gaishe da Madam da kyau.

Naka har kullum,
Abokinka na teburin miksa