Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ilimi na Ghana: an biya musu kuɗin shiga, amma a bakin taga suke tsaye

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'a? Ba zan tsare ka da doguwar gaisuwa ba. Ni malami ne a wata babbar makarantar gwamnati, haifaffen Aboabo a nan Kumasi, kuma 'yan shekarar farko nake koya wa ilimin tattalin arziki. Ba sai na kama sunan makarantar ba, don ciwon ba nata ba ne ita kaɗai.

Abin da aka yi mun gani. Tun da aka fara sakandare kyauta a Satumban 2017, yaran Zango da dā ake sallamarsu zuwa gareji ko kasuwar Kejetia suka samu suka zarce, rukunin farko ya fito a 2020, ƙofofinmu suka cika. Ga kuma No Fees Stress da Shugaba Mahama ya ƙaddamar a Koforidua a Yulin 2025, gwamnati ta ɗauke wa ɗan shekarar farko kuɗin karatu. Iyayenmu mata masu sayar da koko da ƙosai sun yi muku addu'a, ni ma na ce amin. Sai dai ranka ya daɗe, ka taɓa tambaya me yaron nan yake tararwa ranar da ya fara taka ajin?

Bari in gaya maka tawa. Ranar farko ta zangon da ya wuce, darasina ƙarfe takwas ne. Kafin bakwai da rabi kujeru sun ƙare. Wasu sun zauna a kan matakala, wasu a ƙasa gaban allo, sauran sun yi cincirindo a baranda. Na ɗauki makirfo, shiru. Aka ce batiri ya mutu tun wancan zangon, mai riƙe da makullin sito kuma bai iso ba. Na buɗe murya iya ƙarfina, layi na goma ba sa ji na, balle na waje.

A bakin taga ta hagu akwai wata yarinya da hijabi ruwan toka, ta ɗora sabon littafinta a kan dakalin tagar, biro a hannu, tana miƙa wuya. Har aka tashi ba ta rubuta ko harafi ba, domin babu abin da ya kai kunnenta. Da na fito na ce mata, "'Yan mata, daga ina?" Sai ta zabura jin Hausa a bakin malami. Daga Asawase take, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan matsayi, kuma tun bayan asuba ta hau trotro, wato motar haya. Tambayar da ta yi mini ita ce ta hana ni barci: "Malam, kullum haka ne?"

Me zan ce mata? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na san a ofis ana ɗaukar ranar farko ranar banza, ranar raba takardar jadawali da karanta dokoki. A wurinmu ba haka take ba. A ranar ne yaro yake yanke wa kansa hukunci a zuci, ko wurin nan nasa ne ko kuwa baƙo ne shi da aka yi wa alfarma. Shi ya sa ni ba na fara wa da dokoki. Tumatir nake shigowa da shi a leda, in ɗaga sama in ce: me ya sa kwandon wannan yake tashin gwauron zabi a wasu watanni, alhali ga shi ana nomawa a Akomadan, amma 'yan kasuwa sai sun je har Burkina Faso su ɗauko? In ajin ya yi daidai, wallahi sai ka sha mamaki. Yaron da ya shigo yana raɓe-raɓe saboda Turancinsa bai kai na 'yan manyan makarantu ba, shi ne zai miƙe ya yi maka bayanin rani da damina, kuɗin mota, canjin sidi da sefa, da yadda kaya ke ruɓewa a hanya, don a gaban tiren uwarsa ya tashi. Daga nan sai in ce masa abin da ya faɗa ɗin nan shi ne darasinmu na wata guda, suna kawai za mu sa masa. Wannan yaron ba ya ƙara fashin aji. Sannan in raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta sunansa, garinsu, da abu ɗaya da yake tsoro a karatun nan, in tafi da su gida in karanta.

To duk wannan ta yaya zai yiwu da mutanen da rabinsu ba sa ji na? A ranar tumatirin a leda ya koma gida, uwargida ta yi miya da shi.

Ba gidan sama muke roƙo ba tukuna. An ce a kasafin 2025 an kwance wa GETFund takunkumi, kuɗinta za su dawo mata cikakku. Madalla. Asusun nan tun 2000 aka kafa shi don gine-gine da kayan karatu, to a fara da kujera, fanka da lasifikar da ke magana. A ba makarantu izinin ɗaukar malamai daidai da yawan ɗaliban da ake turo musu, ko aƙalla a ƙaro mana 'yan bautar ƙasa da za su raba ajin gida-gida a makon farko, kowane yaro ya samu wanda ya san sunansa. Kuma GTEC, hukumar kula da manyan makarantu da ke ƙarƙashinka, ta fito zagaye a makon buɗe makaranta, ba ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai ba, lokacin da an share ko'ina an kafa rumfuna, kowa ya sha babbar riga. Hoton ranar yana kyau a Facebook, ban musa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski.

Akwai sauran magana. Kuɗin ɗakin haya kusa da makarantu yakan fi kuɗin karatun da aka yafe. Yajin aiki kuma, irin na malaman jami'a a Janairun 2022 da na malaman kwalejojin ilimi a 2024, yana mayar da ranar farko ranar da ba a san zuwanta ba. Waɗannan ka fi ni sani, na bar su haka.

Yarinyar Asawase tana nan, ba ta gudu ba. Yanzu ƙarfe shida da rabi take isowa don ta kama kujera, wato wani ne ya gaji tagarta. Batiri kuma na sayi nawa, yana aljihun jakata tare da alli, kuma ba na neman a biya ni. Idan an buɗe sabon zango, ka zaɓi duk makarantar da ka ga dama, ka je ba jiniya ba 'yan rakiya, ƙarfe takwas saura kwata, ka tsaya a baranda tare da yaran. In ka ji abin da malamin yake faɗa daga nan, ka yaga wannan wasiƙar.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Wani malami daga Aboabo, Kumasi