Wayoyi Biyu Masu Inji Ɗaya: Abin Da Na Gano A Titin Ahmadu Bello

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga bai kai a kawo shi shafin jarida ba, wato sayen wayar hannu mai sauƙin kuɗi. Na ce mai sauƙin kuɗi ne saboda haka 'yan kasuwa ke kiranta, amma duk wanda ya shiga shago a 'yan kwanakin nan ya san sunan ne kawai ya rage. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kan kimanin ₦460 a farashin gwamnati ta haura ₦1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma da yake ba a ƙera waɗannan wayoyi a Kakuri, unguwar masana'antun Kaduna, farashinsu ya bi dala ya tafi. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na ₦72,000 a Jihar Kaduna sai ya haɗa na wata biyu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe wayar da ake ce wa ta talaka. Kayan da aka saya da irin wannan gumi ya cancanci a zauna a yi masa lissafi.

Ni malamin makaranta ne. Wayar da nake riƙe da ita ta yi mini shekara biyar kafin batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, kuma da ita nake ganin sanarwar makaranta, da ita nake tura kuɗi, da ita nake sauraron karatun malamai da daddare. Kwana uku na yi ina zirga-zirga a shagunan waya da ke titin Ahmadu Bello, daga ƙarshe abin da aljihuna zai iya ɗauka ya tsaya a kan guda biyu: Tecno Spark 20 da Samsung Galaxy A06. Dukansu sun haura naira dubu ɗari, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ta yanke mini hukunci ita kaɗai ba.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne injinsu ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da kowace daga cikinsu ita ce Helio G85 ta kamfanin MediaTek, wadda ta fito tun 2020. Batirin kowace 5,000mAh ne, kyamarar bayan kowace megafiksel 50 ce, kaifin fuskarsu ɗaya ne kusan, kowace tana karɓar layi biyu da katin memori, kuma babu wadda ke kama 5G a cikinsu. Wannan na ƙarshe bai dame ni ba, domin ko lokacin da MTN ta fara 5G a 2022, birane bakwai ta zaɓa, har da Abuja da Kano da Maiduguri, Kaduna ba ta cikin sahun farko, kuma 4G yana isar malami irina. To idan inji ɗaya ne, me ya sa yaran shago ke rantsuwa cewa wannan ta ninka waccan gudu?

Amsar tana jikin kwali. Wani matashi ya ɗauko mini kwalin Spark 20 ya nuna mini lamba, ya ce, "Baba, wannan ram ɗinta sha shida ne." Da na sa tabarau na duba da kyau sai na ga takwas ne a tara da takwas. Takwas ɗin farko su ne na gaske, na biyun kuwa aro ne wayar ke yi daga ma'adanarta. Bari in kwatanta da abin da na sani. Ram kamar teburin da malami ke duba takardun jarrabawa ne a kansa, ma'adana kuma kamar kabad ɗin da ke bayansa. Idan tebur ya cika ya ɗebi wasu takardu ya jera a cikin kabad, ya samu sarari, amma duk lokacin da yake buƙatarsu sai ya miƙe ya juya ya ɗauko, kuma babu mai hankalin da zai ce teburinsa ya ninka girma. Samsung ma tana da irin wannan dabara a wayoyinta, tana kiranta RAM Plus, saboda haka ba laifin kamfani ɗaya nake gani ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne ya nemi a faɗa masa lambar farko, ya yi ciniki a kanta. Kuma ko a nan, gaskiya ce a faɗa, Spark 20 mai ram takwas na gaske ta fi A06 mai huɗu sarari, kuma mai buɗe manhajoji da yawa a lokaci ɗaya zai ji bambancin.

Akwai wasu wuraren da Tecno ta yi gaba ba tare da gardama ba. Kyamarar gabanta megafiksel 32 ce, ta A06 kuwa 8. Lasifikarta biyu ce, sautinta ya fi cika ɗaki. Fuskarta tana sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, ta Samsung sau 60, shi ya sa idan kana jan rubutu da yatsa za ka ga ta fi santsi. A kwalinta akwai kan caja da rigar waya. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda shi ne mai Tecno da Infinix da itel baki ɗaya, ya daɗe da sanin kasuwarmu, har ya yi suna wajen daidaita kyamararsa domin ta fitar da fuskar baƙar fata yadda take. Na kan yi murmushi idan na ji ɗalibaina suna musu a kan Tecno da Infinix kamar masu goyon bayan ƙungiyoyin ƙwallo biyu, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne, har wurin gyaransu ɗaya ne, wato Carlcare.

Maganar caja tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin a nan ne lissafin mutane da yawa ke karkacewa. A rubuce, A06 tana ɗaukar caji mai ƙarfin wat 25, Spark 20 kuma wat 18. Ga mutumin Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ga yadda muka kwashe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka samu matsala, ya ga yadda aka yi ta layi a wurin masu caji da janareta, ya san darajar wayar da za ta sha caji mai yawa cikin minti arba'in ɗin da wuta ta leƙo. Sai dai Samsung ta daina sa kan caja a kwalin yawancin wayoyinta, igiya kawai za ka tarar. Idan ka koma gida ka jona ta da tsohuwar cajarka mai wat 10, to wat 25 ɗin nan ya zama labari. Dole ka sayi kan caja mai kyau daban, kuma dole kuɗinsa ya shiga cikin farashin wayar tun kana shago. Caja ta jabu kuwa, wadda ake sayarwa a kan tire a bakin Kasuwar Gumi da tashar Kawo, tana iya kashe batir, kuma araha ba ta ado.

Duk da haka Samsung ɗin na saya, kuma dalilina guda ɗaya ne, wanda babu yaron shagon da ya ambata mini shi. Ni mutum ne mai riƙe waya har sai ta mutu a hannuna. Tambayar da ta dame ni ita ce wace ce za ta ci gaba da yi mini aiki a shekara ta uku da ta huɗu, lokacin da ƙyallin sabunta ya tafi. Spark 20 ta fito a ƙarshen 2023 da Android 13. A06 ta fito a 2024 da Android 14, kuma Samsung ta yi alƙawarin ɗaga ta zuwa sabon Android har sau biyu, tare da aiko da gyaran tsaro na tsawon shekara huɗu. Ƙananan wayoyin Tecno ba a san su da alƙawari mai tsawon haka ba.

Na san da yawa daga cikinmu idan saƙon sabuntawa ya shigo sai mu danna "anjima", don muna ganin cin data ne kawai, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Amma waya ta tashi daga abin gaisawa da dangi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai kayan miya a Kasuwar Barci suka koma karɓar tiransifa. Yau albashina ta cikinta yake wucewa. Masu damfara kullum suna neman ɓaraka a cikin manhajar waya, gyaran tsaron da kamfani ke aikowa kuma shi ne ke toshe ta, kamar yadda magidanci ke bin katangarsa da yaɓe kafin damina. Wayar da aka daina aiko mata da gyara tana nan tana aiki, amma katangarta tana zaizayewa. Sannan manhajoji da kansu suna juya wa tsohon Android baya. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk wayar da ba ta kai Android 5 ba, kuma manhajojin banki sun fi shi saurin yin haka. Wayar da ta fara da mataki ɗaya a gaba, kuma aka yi alƙawarin ƙara mata biyu, za ta daɗe kafin a rufe mata ƙofa.

Kafin in biya, na je wurin wani mai gyara da na daɗe ina kai masa aiki, ya kuma ba ni shawarar da ta fi duk abin da na ji a shaguna. Ya ce, "Malam, ka tambayi kuɗin sikirin kafin ka tambayi kuɗin waya." A ganinsa yawancin wayoyin da ake kawo masa ba tsufa ne ya kashe su ba, faɗuwa ce daga aljihu a kan babur ko Keke Napep, sai kuma bakin caji da ƙurar hunturu ta toshe. Ya ce kayan gyaran Tecno sun fi yawa a kasuwa, kowane lungu za ka samu, kuma wannan gaskiya ce da ta sa na yi jinkiri kwana guda cur. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne fuskar A06 irin ta LCD ce, ba irin mai tsadar nan ta manyan wayoyin Samsung ba, wadda canza ta kan kusa kai kuɗin sabuwar ƙaramar waya. Ya kuma hana ni ɗaukar mai ma'adana 64GB duk da ta fi araha, domin manhajar wayar da kanta ta cinye wani kaso tun kafin ka kunna, sauran kuma zaurukan WhatsApp na dangi da na masallaci da na tsofaffin ɗalibai za su cika shi da bidiyo kafin shekara ta zagayo. Na ƙara kuɗi na ɗauki mai 128GB.

A gaban mai shagon na buɗe kwalin, na danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, na gwada ta da wadda ke jikin kwali, na kuma sa aka rubuta ta a kan rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata. Ina roƙon masu karatu kada su ji kunyar yin haka, balle mai sayen ta hannu, domin mutane da dama sun kwana a hannun hukuma saboda wayar sata da suka saya ba su sani ba. Masu ba da waya bashi a riƙa biya kullum ko duk mako ma sun yi mini tayi. Da na haɗa jimillar abin da zan biya na ga ya zarce farashin kuɗi hannu da nisa, kuma wayar tana kulle kanta duk ranar da aka yi jinkiri, sai na gode musu na wuce. Hukuncin irin wannan ciniki a shari'a na bar wa malamai.

Da na isa gida, 'yata, wadda ke ɗinki tana tallata kayanta a WhatsApp da Instagram, ta juya wayar a hannunta ta ɗauki hoton kanta, ta ce, "Baba, da ni ce da Tecno zan ɗauka." Ban yi mata musu ba, domin ta fi ni gaskiya a kan nata aikin. Ita kyamara ce jarinta, tana buɗe manhajoji biyar a lokaci guda, kuma ba ta taɓa riƙe waya fiye da shekara biyu ba tare da ta sayar ta cika kuɗi ta canza ba, saboda haka alƙawarin shekara huɗu bai amfane ta da komai ba. Ni kuwa da ban damu da hoton fuskata ba, na sayi shekarun ne, na haƙura da santsin fuska da lasifika biyu, kuma ina jin rashinsu idan ina sauraron karatu ba tare da abin kunne ba.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka duba yiwuwar ware wani ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda wani masani zai riƙa gwada irin waɗannan ƙananan wayoyi yana bayani da Hausa, ya faɗi ram na gaske, da shekarun da kamfani ya yi alƙawarin sabuntawa, da abin da ke cikin kwali, da kuɗin canza sikirin da batir a kasuwannin Kaduna da Kano. Kusan duk bayanin da ke intanet a kan wannan da Turanci yake, kuma yawancinsa a kan wayoyin da kuɗinsu ya kai na fili a bayan gari ne, alhali manomi daga Giwa ko Soba da ya sayar da buhunan masara ya shigo birni ba shi da madogara sai bakin yaron shago. Idan aka buɗe gurbin, na yi alƙawarin aiko muku da labarin yadda tawa ta kasance bayan ta cika shekara, ko da ya zama 'yata ce ta yi gaskiya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.